Daga Hunkuyi Zuwa Samaru: Wa Ke Riƙe Hannun 'Ya'yanmu Mata a Jami'a?

Daga Hunkuyi zuwa babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tafiyar ba ta cin awa guda a mota. Tun 1962 jami'ar take nan kusa da mu. Irin masara da na wake da masana suka inganta a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe da isowa gonakin Likoro da Doka da Kauran Wali, domin akwai malaman gona da aikinsu ke nan, su ɗauko abin da aka gano a ɗakin bincike su kai wa manomi har gonarsa. Abin da bai sami mai dakonsa ba shi ne sanin yadda ita kanta jami'ar take tafiya. Tara 'yan mata goma masu ƙwazo daga ajin ƙarshe na sakandare a Kudan ko Makarfi ko Ikara, ka tambaye su yadda ake zama malamin jami'a, ko me ake yi a digiri na uku, ko wa ke biyan kuɗin bincike. Da wuya ka ji amsa. Kansu na ja, sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu.

Idan ana maganar ƙarancin mata a manyan makarantu, abin da aka fi ambata shi ne talauci da aurar da yara da wuri. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Amma akwai wasu da ba a cika tuna su ba, wato waɗanda suka riga suka tsallake wannan siraɗin. Mahaifi ya yarda, an sayar da buhun masara an biya kuɗin rajista, yarinya ta sami gurbi. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ma ya yi mata tanadi, domin ya ware kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. To ta shiga. Bayan shekara huɗu ko biyar sai ta fito da sakamakon da bai kai ƙoƙarinta ba, ko ta bari a tsakiya, ko ta gama da kyau amma a daina jin ɗuriyarta, alhali abokin karatunta da ta fi shi maki yana nan ya zama ƙaramin malami a sashen. A wannan gaɓar ce muke asarar mutane ba tare da an ji ƙara ba.

Jami'a tana da dokoki iri biyu. Akwai na rubuce, waɗanda ake bai wa kowa a ɗan littafi ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta ba, kuma su ne suka fi yanke wa mutum makoma. Ba a rubuta cewa makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar da zai fita ba, ta yadda wadda ta yi sakaci a aji ɗaya tana ɗokin sabon wuri za ta yi ta biyan bashin har ƙarshe. Ba a rubuta cewa sashe yakan sa ido kan masu digiri mai daraja ta ɗaya da masu bi musu ba, kuma idan gurbin ƙaramin malami ya samu, wanda malamai suka san fuskarsa da aikinsa shi ke faɗowa a ransu. Ba wanda zai gaya wa ɗaliba cewa zaɓen malamin da zai duba kundinta na digiri na biyu ya fi zaɓen taken binciken muhimmanci, domin akwai sufabaizan da babi ɗaya kan yi wata shida a teburinsa. Idan ta zama malama, sai wani sabon karatun ya taso. Daga mataimakiyar malama zuwa farfesa matakai ne a jere, kuma abin da ke ɗaga mutum daga wannan zuwa wancan shi ne maƙalun da ya wallafa. Su ma mujallun ba ɗaya ba ne. Akwai na gaskiya da masana ke tace aiki kafin a buga, akwai na 'yan kasuwa da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu, kuma kwamitin ƙarin girma yana iya watsi da su bayan mutum ya kashe albashinsa. Sai yadda ake neman tallafin hukumar TETFund na ƙaro karatu ko halartar taro, da lokacin da ake cike takardun, da ofishin da suke bi. Duk wannan ilimi ne, kuma daga baki zuwa kunne yake tafiya. Da ɗan gari akan ci gari.

Tambayar ita ce, a ina ake wannan maganar? Ana yin ta a bakin masallaci bayan sallar azahar, a majalisar yamma, a teburin mai shayi, a cikin motar farfesa idan ya rage wa ɗalibinsa hanya zuwa Sabon Gari, a wurin ɗaurin aure da zaman makoki. Duk wuraren nan na maza ne. Saurayin da ya fito daga Gubuchi, ko da bai san kowa ba, yana iya bin malami sallah ya gaishe shi kullum har sabo ya shiga, wata rana a ce masa, "Kai, zo ka taya ni tattara bayanan nan." Daga nan ya shiga hanya. Ita kuwa 'yar'uwarsa, tarbiyyar da muka ba ta, wadda kuma muke alfahari da ita, ta hana ta tsayawa hira da namiji babba a bakin hanya. Idan ta yawaita zuwa ofishinsa, bakin mutane ba zai bar ta ba. Ba wai an zauna an ƙulla mata makirci ba ne. Hanyar da labari ke bi ce ba ta biyo ta ƙofarta ba, mu kuma muka ɗauka tunda an buɗe ƙofar makaranta an gama aiki.

Masu bincike a wasu ƙasashe sun auna wannan abin da ma'auni. A 2012 wasu masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, kalma da kalma, sai dai wasu an sa mata sunan namiji, wasu sunan mace. Mai sunan namiji aka fi gani da ƙwarewa, aka yanka masa albashin da ya haura dala 30,000 a shekara, ita kuwa kimanin 26,500. Abin da ya fi shafar maganarmu, malaman sun fi nuna niyyar jan namijin a jiki su koya masa aiki. Kuma malamai mata ba su bambanta da maza ba wajen wannan son kai. Wani binciken, wanda Katherine Milkman da Modupe Akinola da Dolly Chugh suka yi, ya aika wasiƙun imel ga malamai sama da 6,500 a jami'o'i 259, kamar daga ɗalibi mai son digiri na uku yana roƙon a ba shi 'yan mintuna a tattauna. Wasiƙar ɗaya ce, suna kawai ake sauyawa. Sunayen fararen fata maza sun fi samun amsa a kan na mata da na tsirarun jinsi. Wato tun kafin a cike fom, tun a matakin "Malam, ina son shawara," an fara tankaɗe.

Sun kuma auna maganin. A Jami'ar Massachusetts an bi sawun 'yan mata 150 da suka shiga karatun injiniya. Wasu aka haɗa su da ɗaliba babba mace ta riƙa duba su, wasu da ɗalibi namiji, wasu aka bar su haka nan. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda, cikin masu jagora mace ba ko ɗaya da ta bar fannin, alhali kashi 11 cikin ɗari na marasa jagora sun bari, na masu jagora namiji kuma kashi 18. A lura, waɗannan jagorori ba furofesoshi ba ne, ɗalibai ne da suka girme su da aji biyu ko uku. Kuma abin da ya riƙe yaran shi ne jin cewa su ma wurin nasu ne kuma za su iya. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ma ta gwada taron bita na kwana biyu ga ƙananan malamai mata, manya suna karanta aikinsu suna gyara musu. Da masu nema suka fi gurbi yawa sai aka yi ƙuri'a, abin da ya ba da damar kwatanta waɗanda suka shiga da waɗanda ba su samu ba. Bayan 'yan shekaru, waɗanda suka shiga sun fi wallafa maƙalu, sun fi samun kuɗin bincike. Kwana biyu kacal.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci irin matsalarmu sak: ilimi yana birni, matan da ke buƙatarsa suna ƙauye, kuma matar aure mai goyo ba za ta bar ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki ba. Ba ta zauna jiran al'ada ta sauya ba. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa alamar muƙami. Jaji ta jagoranci tawagar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi karatu, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru, kuma ya rayu bayan rasuwarta shekaru masu yawa. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne naɗin. Ba ta bar abin ga mai hali ya taimaka in ya ga dama ba. Ta mai da shi aiki mai suna, mai alama, wanda jama'a suka san mai riƙe da shi. A cikin gidajenmu ma akwai uwar ɗaki da 'yar ɗaki, babba ta ɗauki ƙarama ta koya mata sana'a da zaman duniya, ta tsaya mata ranar biki da ranar kuka. Muna da wannan a kasuwa da gidan suna, amma ba mu kai shi tsangayar kimiyya ba.

Zariya kanta tana da tarihi a wannan fage. A Jami'ar Ahmadu Bello aka yi taron ƙara wa juna sani na 1982 da ya haifi ƙungiyar mata ta WIN, wadda irin su Ayesha Imam suka yi fice a cikinta. Duk da haka, a jerin waɗanda suka shugabanci jami'ar daga 1962 zuwa 2025 babu mace ko ɗaya. A ƙasar baki ɗaya, sai a 1985 Farfesa Grace Alele-Williams ta zama mace ta farko da ta riƙe jami'a, a Benin. Daga Arewa an sami Farfesa Gambo Laraba Abdullahi a Jami'ar Abuja, da Farfesa Fatima Batul Mukhtar a Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka wallafa a 2023 kan tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wanda ya rage munanan lamura da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda cikin dare daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa na Shika ya san darajar wannan. Amma wadda nake so matan aurenmu su san labarinta ita ce Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, masaniyar fiziya a Bayero. Ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a, kuma a 2015 ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Matar da ke zaune a Paki ko Gazara da 'ya'ya uku da takardar sakandare a ƙasan akwati tana ganin ita tata ta ƙare. Ba wa'azi take buƙata ba. A nuna mata wadda ta yi, a gaya mata ta ina aka bi.

A matakin sakandare an fara abin kirki. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya, wadda Hajiya Habiba Mohammed ke jagoranta, ta shafe shekaru tana tara 'yan mata a ƙauyukan da ke kewayen Zariya cikin ƙananan rukunoni, a wurin da iyaye suka amince da shi, ƙarƙashin wata babba da ke koya musu karatu da lissafi da dabarun rayuwa. Wasu daga cikin waɗanda suka taso a ciki su ne suka dawo suna jagorantar na baya. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda Kaduna ke cikin jihohi bakwai na farko, shi ma ya ɗauki irin wannan salo. Sai dai duk wannan yana tsayawa ne a bakin ƙofar jami'a. Yarinyar da aka riƙe wa hannu shekara shida, ranar da ta shiga harabar Samaru ko ta Kongo ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Makarfi, sai a sake ta cikin dubban mutane a ce Allah ya ba da sa'a. A sama can kuma akwai shirin AWARD, da aka kafa a Nairobi a 2008 don mata masu binciken aikin gona a Afirka. Kowace da aka ɗauka ana haɗa ta da babban masani ya jagorance ta, daga baya ita ma dole ta ɗauki wata ƙarama. 'Yan Najeriya da dama sun amfana. Yankin da ke noman tumatir da rake da inabi kamar namu ya kamata a ce yana da 'ya'ya a ciki, amma sai wadda ta ji labari za ta nema.

Ba mata kaɗai abin ya shafa ba. Duk wanda ya shiga wuri ya waiga bai ga irinsa ba, yana cikin wannan hali. Akwai ɗan Fulanin ruga da ya fara karatu a makarantar makiyaya, irin waɗanda hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna ke kula da su, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya ga ɗakin lacca. Akwai Hausawa Kirista da Maguzawa na ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda a jami'a sukan rasa inda za su sa kansu: ga Hausa a bakinsu amma ba a majalisar masallaci suke ba, a coci kuma ana musu kallon baƙi saboda ba su da wani yare. Akwai makafi da kurame da guragu. Dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, hukumar JAMB kuma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Amma doka ba ta hawa bene da mutum idan ajin yana hawa na uku, kuma ba ta karanta wa makaho abin da aka liƙa a allon sanarwa.

Wannan yankin ya taɓa ba da misalin da ya isa a yi tunani a kansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, an haife shi a 1927 a Anchau, wadda a da take ƙarƙashin Ikara. Bahaushe ne Kirista, tsiraru a cikin tsiraru. Ya bi ta makarantar mishan ta Wusasa, ya karanci likitanci a Ingila, ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, kuma bai cika shekara 40 ba aka damƙa masa jami'ar. Ƙwazonsa ba abin musu ba ne. Amma masu ƙwazo nawa aka haifa a Anchau a wannan shekarar? A kowane mataki ya sami waɗanda suka gan shi, suka yarda da shi, suka ambaci sunansa a inda ba ya nan. Wannan na ƙarshe shi ne ƙololuwar jagoranci, kuma shi ya fi ƙaranci. Ba da shawara abu ne mai sauƙi. Amma a zauna a kwamiti ana rabon gurbin ƙaro karatu, mutum ya ce, "Akwai yarinyar nan ta sashenmu, na ga aikinta, ni na tsaya mata," wannan sai wanda ya yarda ya sa mutuncinsa a kan wani.

A nan dole a rarrabe tsakanin jagora da ubangida, domin jami'o'inmu cike suke da iyayen gida. Ubangida yana so ka riƙe masa jaka, ka yi masa makin takardun jarrabawa, ka sa sunansa a gaban maƙalar da bai karanta ba, ka tsaya a bayansa ranar zaɓen shugaban tsangaya. Zai taimake ka, amma iyakar inda ba za ka kai kafaɗarsa ba. Jagora kuwa yana karanta aikinka da jan biro, ya gaya maka gaskiya ko da ɗaci, ya haɗa ka da waɗanda suka fi shi sani a fanninka, ranar da ka wuce shi kuma ya yi murna. Ga namiji, zama yaron ubangida wahala ce da ɓata lokaci. Ga mace yana iya zama tarko. Rahoton ɓoye da BBC ta fitar a Oktoban 2019 kan malaman da ke neman lalata da ɗalibai don maki, a Legas da Ghana, ya fito da abin da ɗalibai suka daɗe suna raɗa a ko'ina. Duk taimakon da sai an rufe ƙofa, ko sai bayan magariba, ko aka ce kada a gaya wa kowa, ba taimako ba ne, kuma ya kamata kowace yarinya ta ji wannan daga bakin uwarta ko yayarta kafin ta ɗauki akwati.

Sai dai tsoron wannan ya haifar da wata ɓarnar da ba a lura da ita. Malamai maza masu mutunci da yawa sun zaɓi su nisanci ɗalibai mata gaba ɗaya don kare kansu daga zargi. Niyyar mai kyau ce, amma wa ya biya kuɗinta? Ɗalibar da ba ta yi laifin komai ba. Tunda mafi yawan manyan malamai maza ne, idan duk suka janye hannu, an rufe wa mata hanya da sunan tsoron Allah. Mafitar ba ta da wuya. Malam ya sa rana ɗaya a mako da duk ɗalibansa za su zo tare, maza da mata, ƙofa a buɗe, kowa ya gabatar da inda ya kai a gaban kowa. Gyara ya bi ta rubutu. Labarin tallafi ko taro a tura shi a zauren WhatsApp na kowa da kowa, kada ya tsaya a kunnen wanda aka haɗu da shi a sahu. Wanda ya yi haka ya kare mutuncinsa kuma bai tauye kowa ba.

Akwai kuma maigida. Shekarun da ake gina aikin jami'a, daga ashirin da 'yan kai zuwa talatin da biyar, su ne dai shekarun ciki da goyo da yaye. Ƙara da yajin aiki: na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma 'yan mata da yawa da suka koma gida jiran a janye sun dawo da igiyar aure, wasu ba su dawo ba. Ba na cikin masu cewa aure ne matsalar. Matan da suka kai ƙololuwa a Arewa, galibinsu da aurensu suka kai. Bambancin yakan zama ko miji ya fahimci abin da ake yi. Mutumin da bai san me ake nufi da kare kundi ba, zai ga kamar raini ne matarsa ta kwana a kan kwamfuta. Shi ya sa jagora mai wayo a ƙasarmu ba ta tsayawa kan ɗaliba. Takan nemi gaisawa da mijin ko mahaifin, ta ce, "Alhaji, wata uku masu zuwa za su yi mata nauyi, a taimaka mana da haƙuri, in ta wuce nan an gama." Magana kaɗan ce, amma mutum ya ji an girmama shi an sa shi cikin lamarin. A littattafan Turawa kan jagoranci ba za ka ga wannan babin ba, mu kuwa in babu shi sauran duk na iya rushewa.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma binciken Massachusetts ya goyi bayan haka. Amma kada a mai da karin maganar hanyar zame wa nauyi. A sashen da mace ɗaya ce babbar malama, ita ce uwar kowace ɗaliba, ita ce a kwamitin walwala, ita ce a kwamitin ladabtarwa domin ana son a ga mace, ita ake kira idan wata ta suma a hostal. Duk wannan ba ya cikin abin da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma. Abokin aikinta yana can yana rubuta maƙala, ita tana lallashin mai kuka, bayan shekara biyar a ce ba ta da himma. Idan jami'a da gaske take, ta rubuta jagorancin ƙananan malamai da ɗalibai cikin aikin da ake aunawa, ta rage wa mai yin sa wani nauyin, ta raba shi tsakanin maza da mata. Ɗakin renon yara kusa da tsangaya kuma ba alfarma ba ce, kayan aiki ne kamar ɗakin karatu.

Mu na gida ba sai mun jira majalisar dattawan jami'a ba. Kudan da Makarfi da Ikara suna da 'ya'ya mata masu digiri, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofis, warwatse a Zariya da Kaduna da Kano da Abuja. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda ƙarfinsu kan ƙare a taron sallah da rabon kalanda, suna iya tattara sunayensu, a haɗa kowace sabuwar ɗaliba da wata da ta riga ta a makarantar ko a fannin. Ba a buƙatar ofis ko mota. Kira ɗaya a wata ya isa a fara, da sharaɗin babbar ce za ta riƙa kira, domin ƙaramar kunya ba za ta bar ta ba. Wadda ke aji uku ta riƙe ta aji ɗaya, mai digiri na biyu ta riƙe mai shirin bautar ƙasa. A sa ɗan ruga da makaho da ɗan Maguzawa a cikin lissafin tun farko, kada a tuna da su bayan an gama rabo.

Kuma a fara da wuri fiye da yadda muke zato. Yawancin asarar ana yin ta ne a ranar da yarinya ta gama ƙaramar sakandare aka tambaye ta kimiyya ko adabi, ta bi inda ƙawarta ta bi. Mai son likitanci ko jinya a jami'a tana buƙatar fiziya da kemistiri da bayoloji, ga kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Akan sami wadda ta ci maki mai kyau a JAMB amma ta rasa gurbi saboda mai shagon kwamfuta ne ya zaɓar mata darussan da ba su dace da kwas ɗin ba, ko sunanta na katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar makaranta, ko an ba ta gurbin ba ta san ana shiga intanet a karɓa ba har lokaci ya wuce. Wadda makinta bai kai ba, akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, akwai shirin share fage na IJMB, akwai Kwalejin Nuhu Bamalli. Wadda kuɗi ya tsayar, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki tun 2024. Fom ɗin JAMB a farkon shekara yake fitowa, saboda haka duk mai niyyar zuwa makarantar garinsu ta yi wa 'yan aji shida bayani, ta je kafin hutun Disamba, ta kuma roƙi shugabar makaranta a shigo mata da 'yan aji uku su zauna a baya.